Rami 300 na shuka, 70 suka rage: ina kuskuren yake?

Makiyayin Alentejo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma na san muna da masana itace a cikinmu. Shekarata ta huɗu ke nan ina kiwon tumaki a wata gona kusa da Evora, a yankin Alentejo da ke kudancin Fotugal. Irin gonar da suke kira montado ce: fili mai faɗi, manyan itatuwa jefi-jefi, ciyawa a ƙasa, dabbobi na kiwo a inuwa. Itacen da ya fi yawa shi ne wanda suke kira sobreiro, wanda ake ɓare wa bawo a yi abin toshe kwalba.

Mai gonar dattijo ne, ya haura saba'in. Bara a watan Nuwamba ya kira ni muka tsinci 'ya'yan itacen, ya nuna mini wani gangare inda tsofaffin itatuwa suka mutu, ya ce in cike gurbinsu. Na haƙa rami 300 da hannuna. Zuwa Afrilu mafi yawansu sun tsiro, har nakan zagaya in duba su kafin in saki tumaki. Jiya na ƙirga, 70 ne ke da rai. Wasu an tone su cikin dare tun ba su fito ba, wasu tumakina ne suka cinye, amma mafi yawa a tsaye suka bushe cikin watan Agusta. Dattijon bai yi mini faɗa ba, ya ce haka abin yake. Amma na ga fuskarsa. Nuwamba na ƙaratowa, ba na so in maimaita. Me zan gyara?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a nema. Ni tambaya ce da ni kafin masana su zo. A garinmu idan aka ɓare wa maɗaci bawo zagaye, an kashe shi ke nan. Yaya za a yi a tuɓe wa itace bawo gaba ɗaya kuma ya rayu?

Baba Gandun Daji:
Wa alaikumus salam. Shekara talatin da 'yan kai na yi a aikin daji kafin in ajiye, ban taɓa dafa wannan itace da hannuna ba, amma mun karanta shi sosai. Bari in fara da ke, Hajiya.

Bawon itace hawa biyu ne. Akwai fatar ciki mai rai, wadda abincin da ganye ya haɗa ke bi ya sauka zuwa saiwa. Akwai kuma na waje, matacce, aikinsa kariya. Masu ɗibar maganin maɗaci har fatar cikin suke sassaƙewa, shi ya sa idan sun zagaye shi saiwa ta rasa abinci. Shi wannan itace na wajen nasa ne yake yin kauri ƙwarai, kuma a lokacin da yake tsakiyar girma, wato daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, na wajen kan rabu da na ciki cikin sauƙi. Sai a ɗauke mataccen a bar mai ran, shi kuma ya sake gina sabo. Ko a wurinmu ai kin ga kuka: ana ɓare gindinta a yi igiya, ta sake yin wani. Hanyar ba ɗaya ba ce, amma ita ce mafi kusa da za ki gani a gida.

Kai kuma ɗana, kafin in ce komai, ka gaya mini abu uku. Kwana nawa 'ya'yan suka yi a ajiye kafin ka shuka? Me ka kare ramukan da shi? Kuma gangaren nan, ana bin sa da tarakta?

Makiyayin Alentejo:
Na gode Baba. Sun yi kamar mako uku a cikin buhu a rumfar ajiya. Kariya kuwa, ƙaya na sara na jibga, kamar yadda muke yi a gida. Tarakta tana bi duk shekara kafin zafi, da garma mai faifai, don a kashe ciyawa saboda gobara.

Ɗalibar Sale:
Sallama ga kowa. Daga Damagaram nake, ina karatun injiniyan daji a Sale, nan Maroko, kuma dajin Ma'amura ne ajinmu na fili. A nan farnan ake ce wa itacen, 'ya'yan kuma ballut. Yaya Makiyayi, ka saurari yadda mutanen gonarku ke kiran 'ya'yan: bolota. Kalmar Larabci ce ta zauna a bakinsu.

Mako ukun nan su ne asararka ta farko. Ballut ba gero ba ne. Gero sai ya bushe yake ajiyuwa, shi kuwa ballut bushewa ce ajalinsa. Idan ruwan jikinsa ya ragu da yawa ƙwayar ta mutu, ko da bayan yana sheƙi. Wanda bai mutu ba kuma yakan fito da rauni, sai zafi ya zo ya ƙarasa shi. Ka tsinci wanda ya faɗo sabo, mai nauyi, marar huda, daga gindin itatuwa masu lafiya da yawa, ba uwa ɗaya ba. Na farkon zuba ka ƙyale su, yawanci tsutsa ce ta kayar da su. Ka zuba cikin bokitin ruwa: wanda ya taso sama ka ba tumaki, wanda ya nutse ka shuka cikin kwana biyu ko uku. In dole sai an ajiye, to cikin yashi mai danshi, a wuri mai sanyi. Biyu ko uku a rami, a kwance, zurfin santimita 4 zuwa 5.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum. Ni ina Kadis a Sifaniya, na yi kaka biyu a aikin ɓare bawo cikin dajin Los Alcornocales. Ba ni ne mai gatari ba, ɗauka nake yi in kai inda ake ɗora wa alfadarai, don duwatsun can mota ba ta shiga. Abin da ya tone maka rami cikin dare aladen daji ne. Hancinsu yana jin ballut a cikin ƙasa, ƙaya kuwa ba ta dame su ba. Ɓeraye da zomaye ma suna nasu. Ragar waya ce magani, ka naɗe ta kamar kwando, ka kafa da ƙarfe biyu, ka nutsa bakinta cikin ƙasa kaɗan. In tumaki kaɗai ne, tsayin ƙirji ya isa. In akwai shanu sai ta fi mutum tsayi, kuma ƙarfen ya zama mai ƙarfi, don sa zai zo ya soshe jiki da ita.

Baban Khalifa:
Ku yi haƙuri in ɗan katse. Ni manomi ne a Jos, ina da fili wajen Vom. Mun shuka tuffa ta yi, inibi ya yi, dankalin Turawa kuwa ba a magana. Tunda muna da sanyi, me zai hana wannan itace? Ɗan'uwa Makiyayi, in za ka zo gida ka riƙo mini kilo biyu.

Baba Gandun Daji:
Baban Khalifa, ba sanyi ne kaɗai zancen ba, lokacin ruwa ne. Duk inda itacen nan ya zama daji, wato Fotugal, Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, kudancin Faransa da tsibirin Sardiniya, ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Mu namu a juye yake: ruwa da ɗumi tare suke zuwa. Yankin Evora wajen milimita 600 yake samu a shekara, Jos tana samun ninkin haka, kuma cikin wata shida. Babban maƙiyin saiwarsa, wata cuta da ake kira Fitoftora, ba abin da take so kamar ƙasa mai ɗumi da ta jiƙe sharkaf. Ka ga ka haɗa mata gida da abinci.

Baban Khalifa:
Baba, da girmanka, haka aka ce mana a kan tuffa. In ba a gwada ba yaya za a sani?

Baba Gandun Daji:
Ban hana ka gwaji ba. Ka dasa biyar a bayan gida, a tudu mai tsakuwa inda ruwa ba ya kwanciya, ka bi ta hannun jami'an killace tsirrai kafin ka shigo da iri, kada ka kawo wa maƙwabta cutar da ba mu da ita. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne ka ba shi hekta. Tuffa cikin 'yan shekaru za ta gaya maka ko ta karɓi wuri. Wannan sai ka jira shekara 25 kafin ka ga bawon farko, kuma ko ya yi, wa zai saya a Jos? Masana'antun suna arewacin Fotugal, wajen Santa Maria da Feira.

Maman Ilham:
Shekara 25? Baba ko dai hannu ne ya zame?

Makiyayin Alentejo:
Hajiya, bai zame ba, hasali ma ya rage miki. Doka a nan ta ce ba a taɓa itace sai kewayen gindinsa ya kai santimita 70, a auna a tsayin mita 1.30 daga ƙasa. Wannan yakan ɗauki shekara 25, a ƙasa marar ƙarfi ya fi haka. Bawon farkon kuma duk tsaga ne da ƙulle-ƙulle, niƙa shi ake yi a yi allunan daɓen ɗaki da na hana zafi shiga gini. Sai a jira shekara 9, doka ba ta yarda da ƙasa da haka ba, a ɓare na biyu, shi ma bai gama kyau ba. Na uku ne, wanda suke kira amadia, yake da kuɗi. Ki haɗa lissafi: shekara 43 ke nan. Daga nan kuma duk shekara 9, har itacen ya yi wajen shekara 200.

Bayan an ɓare sai a rubuta lamba ɗaya da farin fenti a jikinsa, lambar ƙarshe ta shekarar. Wanda aka rubuta wa 7, an ɓare shi a 2017, ba mai kusantarsa da gatari kafin 2026. In ka shiga montado kana tafe kana karanta lambobi. Ranar da aka ɓare jikin yana fari-fari kamar rawaya, kafin 'yan makonni ya koma ja kamar jan ƙasarmu, sannan ya riƙa duhu. Ban taɓa gajiya da kallonsa ba.

Mutanen nan suna da magana, wai itacen turare ka shuka wa kanka, itacen fain ka shuka wa 'ya'yanka, sobreiro kuma jikoki. Dattijon nan ya san ba zai ga ko bawon farko ba. Abin da ya sa 70 ɗin nan suka dame ni ke nan.

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun farko, kuma akwai abin da kowa ya tsallake. Kwalbar da ake toshewa da wannan bawo ta mece ce? Giya ce. Kuma na ji an ce a waɗannan gonaki da 'ya'yan itacen ake kiwata aladu. Hadisi ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta, kuma malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda ka san matsawa zai yi. Ɗan'uwa, ba don in ɓata maka rai ba, amma ka duba abincinka.

Ɗan Zangon Kumasi:
Malam, wannan tambaya ta hana ni barci kakata ta farko, ba zan ɓoye ba. Gaskiya ne mafi yawan kuɗin wannan sana'a daga murfin kwalbar giya yake fitowa. Amma ba shi kaɗai ba ne. Gindin ƙwallon badminton da shi ake yi, cikin ƙwallon kurket ma haka, da tafin takalmi, da gasket na inji, har jikin rokoki ana lulluɓewa da shi don ya tare zafi. Ni da na ɗauko falle daga kan dutse ban san wanda zai zama murfi da wanda zai zama daɓe ba, sai an shanya shi wata shida, an dafa, an tantance.

Abu Sumayya:
Amma ka san galibin inda ya nufa. Hukunci kan bi galibi.

Ɗalibar Sale:
Malam, ba ni da ilimin da zan ja da kai a fiƙihu. Abin da zan ƙara kawai, Maroko da Aljeriya da Tunisiya ƙasashen Musulmi ne, dazukan farnan a hannun hukuma suke, Musulmi ne ke shukawa, su ke ɓarewa, daga Ma'amura har Jijel da Ain Draham. Kuma shi Yaya Makiyayi ba bawo yake sayarwa ba. Tumaki yake kiwo, an ce ya dasa itace a gangaren da ruwa ke zaizayewa. Itacen da zai yi inuwa shekara 200, tsuntsu ya ci, tunkiya ta ci. Hadisin dasa itace ma ai yana nan.

Abu Sumayya:
Na yarda akwai bambanci tsakanin mai dasawa da mai yanka murfi a masana'anta. A kan mai dasawa ban da ja. A kan sauran ina nan a kan bakana. Ɗan'uwanmu na Kadis, ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin aikinka filla-filla, kada ka tsaya a kan abin da ni ko wani ya rubuta a nan.

Ɗan Zangon Kumasi:
Na karɓa, Malam. Allah ya saka.

Makiyayin Alentejo:
Na gode Malam, kuma don hankalinka ya kwanta, gonarmu ba alade, tumaki ne zalla. To mu koma kan waɗanda suka bushe a tsaye, don su ne suka fi yawa. Wani maƙwabcinmu ya ce laifina ne da na shuka iri kai tsaye, wai da dashe na sayo daga wurin reno. Wani kuma ya ce in ja tiyo in riƙa ban ruwa. Dattijo ya ce kakansa bai taɓa ba sobreiro ruwa ba.

Baba Gandun Daji:
Ina bayan dattijo. Wannan itace saiwa yake fara yi kafin ganye. Kana ganin ɗan tsiro bai fi taƙi ba, alhali uwar saiwarsa ta nutsa kamu ɗaya ko fiye tana neman danshi. Dashen leda kuwa saiwar tana isa gindin leda ta naɗe kamar gammo, kuma haka za ta zauna har abada. Mun ga wannan a shingayen itatuwan da muka dasa a arewa: dashe ya yi kyau shekara uku, iska ta zo ta kwantar da shi, ka tono ka ga saiwa a dunƙule. Ban ruwa kullum kuma lalaci yake koya wa itace. Saiwa ta ga ruwa a sama, me zai kai ta ƙasa?

Ɗalibar Sale:
Baba, a kan leda ina tare da kai, ko da yake yanzu akwai dogayen kwantena masu buɗaɗɗen gindi da ke hana naɗewar. Amma a kan ruwa, ka yi mini izini in saɓa. Zamanin kakan dattijo ba shi ne yau ba. Rani ya ƙara tsawo a duk yankin nan, kuma a da ƙananan suna fitowa ne a inuwar manya da ta kurmi. Yaya Makiyayi a gangaren da ya zama fili ya shuka, rana tana dukansu daga safe har yamma. Ba ban ruwan kullum nake nufi ba. Sau uku ko huɗu a cikin rani, a rani biyun farko kawai, amma a zuba da yawa a lokaci guda don ya nutse ya ja saiwa ƙasa. A Ma'amura, inda ƙasar yashi ce, da tankin ruwa ake bin sabbin shuke-shuke a ranin farko, in ba haka ba asara ce.

Baba Gandun Daji:
In dai ceto ne na rani biyu, ba shayarwa ba, na sauko 'yata. Wanda ke cikin daji yau ya fi wanda ya baro shi sanin halinsa.

Baban Khalifa:
To ni na karanta cewa da ban ruwa na ɗigo ana samun bawon farko tun kafin shekara 25.

Ɗalibar Sale:
Haka ne, Jami'ar Evora tana cikin masu wannan gwaji, kuma an ɓare bawon farko a wajen shekara 10 a wasu filaye. Amma wannan gona ce ta daban, layi-layi, da taki a cikin ruwa, da jari mai yawa, a yankin da ruwan kansa ake rigima a kai. Ba abin da makiyayi zai yi da jarka a gangare ba ne.

Ni abin da ya fi tsaya mini a amsar Yaya shi ne garmar nan. Ruwa ba ya tsami banza: me ya kashe tsofaffin itatuwan gangaren tun farko? Farnan yana da uwar saiwa mai zurfi, amma ƙananan saiwoyin da yake ci da su a sama-sama suke, kuma suna bazuwa har su wuce inda inuwarsa ta tsaya. Duk shekara faifan garma yana yanka su. Kowane yanka ƙofa ce ga Fitoftora, kuma tarakta tana kwasar ƙasa mai cutar daga wannan gindi zuwa wancan. Itace ya raunana, sai ƙwaro mai huda itace ya shigo, sai wata cuta da ke mayar da ƙarƙashin bawo baƙi kamar gawayi. Mutane su ce fari ne ya kashe shi. Fari ya ƙarasa ne kawai. Sannan garmar tana kashe duk wani tsiron da ya fito da kansa, waɗanda ba ka sha wahalar haƙa musu rami ba. Akwai injin da ke sare ciyawa da kurmi daga sama ba tare da ya taɓa ƙasa ba, shi ya kamata ya maye gurbinta. In gobara ake tsoro, a yi garma a bakin iyaka kawai, nesa da gindin itace.

In kuma tsofaffin a kwari suka mutu inda ruwa ke taruwa, kada ka sake shuka a daidai gurbinsu. Ka hau sama kaɗan.

Ɗan Maradi:
Sallama. Tun ɗazu nake jira wani ya faɗi wannan. Abin da 'yar'uwa ta ce game da masu fitowa da kansu, shi ne abin da muka koya a nan da wuya. Shekaru aka yi ana kawo mana dashe a mota, ana dasawa, yana mutuwa. Da aka koma sassaben zamani, wato ka bar tohon da ya fito da kansa a gona, ka zaɓi mai ƙarfi ka gyara shi ka kare shi, sai ga gawo da kalgo sun dawo. Wanda ya fito da kansa ya riga ya zaɓi wurinsa. Ɗan'uwa, kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ka zagaya gonar ka duba cikin ƙaya da gindin duwatsu inda garma da bakin tunkiya ba sa kaiwa. Ina kyautata zaton za ka samu.

Makiyayin Alentejo:
Wallahi akwai su. A bakin rafi da cikin kurmi ina ganinsu, wasu tumaki sun gwaguye su sun zama kamar tsintsiya. Akwai wani tsuntsu dangin hankaka mai shuɗi a fiffike da ke ɗaukar ballut yana binnewa, dattijo ya ce shi ne babban manomin montado. Ban taɓa kawo su a lissafi ba.

Ɗan Maradi:
Waɗanda aka gwaguye ɗin nan su ne dukiyarka. Sama ce ƙarama, saiwar ta yi shekaru. Ka sa musu raga ka gani.

Ɗalibar Sale:
Damuwarmu ke nan a Ma'amura. Ballut ɗinmu mai zaƙi ne, ana dafawa ana ci, za ka ga ana sayarwa a bakin hanya tsakanin Rabat da Kenitra. Sai ya zama mutane sun kaɗe na sama, shanu da tumaki sun tsince na ƙasa, wanda ya tsira ya tsiro an cinye. Ka shiga wani yanki ka ga manyan itatuwa reras, ka yi tafiyar awa ba ka ga ƙarami ɗaya ba. Baƙo zai ce daji lafiya lau. Mu da muke aunawa mun san garin da ba yara ne. Kuma ba zan zagi masu kiwon ba, da dajin suke ci, wasunsu ba su da wani abin. Shi ya sa ake killace yanki-yanki na wasu shekaru, ana ba masu haƙƙin kiwo diyya.

Maman Ilham:
To shi Makiyayi ai tsakiya yake. Tumakin nasa, itacen nasa.

Makiyayin Alentejo:
Haka ne Hajiya, kuma ba zan ɗora wa tumaki laifi ba. Su ke rage ciyawar da gobara za ta ci, su ke ba ƙasa taki, kuma su ke ciyar da gidan a shekaru takwas ɗin da ba a sayar da bawo. Ni ne ya kamata in san inda zan kai su da lokacin da zan hana su.

Ɗan Zangon Kumasi:
Tunda maganar ta kai nan, in gaya maka abin da zai zo daga baya, don wanda ya rayu ma ana iya lalata shi a rana ɗaya. Masu gatari bibbiyu suke aiki. Mutum zai nemi tsaga mafi zurfi ya sara a tsaye, ya murɗa bakin gatari, daga ƙarar ya san ko bawon zai bayar. Sai ya zagaye sama, ya juya ƙotar, wadda aka fiƙe bakinta, ya cusa ya ɓanɓaro falle kamar ƙofa. In gatari ya zarce ya taɓa fatar ciki, wurin ya zama tabo, ba zai ƙara yin bawon kirki ba. Na ga ranar da iska mai zafi ta taso, shugaban ayari ya taɓa itace biyu ya ce a tattara kaya, bawo ya kama, in aka tilasta da fatar zai fito. Mun rasa kuɗin yinin, amma ba wanda ya yi musu. Kuma itacen da aka ɓare sabo tsirara yake. Mai bawo wuta kan wuce ta kansa ya sake toho, wanda aka tuɓe bana ko bara kuwa da wuya ya sha.

Baba Gandun Daji:
Saura abu ɗaya, ɗana. Masu ɓarewa dogon falle miƙaƙƙe suke so, shi kuwa itacen in an bar shi tun daga ƙasa yake rassa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In sun kai tsayin ƙugu zuwa ƙirji, a fara rage rassan ƙasa kaɗan-kaɗan, a bar kai ɗaya, har a sami gangar jiki mita biyu da rabi ko uku ba reshe. Kada a cire da yawa a shekara guda.

Makiyayin Alentejo:
Baba, wannan sai da takarda. Itacen yana da doka ta musamman tun 2001, kuma a ƙarshen 2011 majalisa ta ayyana shi itacen ƙasa. Ba a sare shi sai da izini, ko da ya bushe, rage rassa ma sai an nemi izini, kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris kawai. Zan bar wa dattijo wannan ɓangaren.

Baba Gandun Daji:
Madalla. Da haka muka riƙe kaɗanya da ɗorawa, da ba mu kai inda muke ba. Ina ganin buhunan gawayi a kan hanya raina yana ɓaci.

Makiyayin Alentejo:
Na dawo, jama'a. Daren jiya na zauna da dattijo na karanta masa abin da kuka rubuta, ina juya masa da harshensu gwargwadon iyawata. Da na zo kan garma ya yi shiru, can ya ce matarsa marigayiya ta sha gaya masa haka. Ya yarda bana tarakta ba za ta hau gangaren ba, zai yi magana da mai injin sare ciyawa.

Yau da safe na zagaya da fenti, na sami 112 da suka fito da kansu, na ɗaura wa kowanne ƙyalle. Kuɗin raga ba zai kai ga duka ba, ya ce zai iya sayen ta 150. Mun shirya 70 ɗin da suka rayu su fara samu, sauran 80 a zaɓa cikin na kurmi. Sabon rami kuma 100 kawai zan haƙa, a sama da inda tsofaffin suka mutu, a gefen da inuwar yamma ke faɗawa, kuma ranar da na tsinta ranar zan shuka.

Sabbin ramukan ne ba su da raga. 'Yar'uwa ta Sale, akwai tarin bututun roba na kariya a rumfa, ragowar wani tsohon aiki, masu tsayin kamu biyu. Dattijo ya ce a Agusta cikinsu kamar tanda yake. In na huda su ta gefe za su yi, ko in haƙura da su?

Ɗalibar Sale:
Ka huda su, Yaya, layi biyu ko uku daga tsakiya zuwa sama, ka bar taƙi ɗaya na ƙasa a rufe saboda ɓeraye, ka danna bakin cikin ƙasa, ka ɗaure da turke mai ƙarfi ta gefen da iska ke bugowa. Alade zai iya ture bututu, don haka ka jibga ƙayarka a kewaye, a nan za ta yi amfani. Wane launi ne? In masu duhu ne ka turo hoto tukuna in gani.